Zauren Na Gama

Tun shekaranjiya ake marka a Kano. Ba ruwan nan mai tsawa da iska ba, irin yayyafin nan ne da ba ya tsayawa kuma ba ya ƙaruwa, sai dai ya hana wanki bushewa, ya sa gishiri ya jiƙe a gwangwani. Ɗazu ina zaune a baranda ina tsintar wake, sai hayaƙin jiƙaƙƙen itace ya tsallako katanga daga gidan maƙwabta, inda maigadinsu yake fama da murhu. Da ya shiga hancina sai na ajiye faifan. Nan take na koma wani azumi da ya faɗo mana a tsakiyar damina, shekarun baya da dama, lokacin maigidana Alhaji yana da ƙafar hawa tsani, ni kuma ban fara rina furfura da lalle ba.

Yaran yanzu azumin zafi suka sani, na ƙishirwa da neman ƙanƙara. Na damina daban ne. Ba ka jin ƙishi, amma yunwarsa mai sanyi ce, har ƙashi take shiga. Tun hantsi ciki zai fara ƙugi, ga gari a lumshe, rana ba ka ganinta balle ka ce ta kusa faɗuwa. Da la'asar kuma ƙamshin masarar da ake gasawa a bakin titi ya biyo iska ya same ka har ɗaki.

Duk wanda ya ji an ce gidanku a Nassarawa yake, sai ya ɗauka kuna kwana a kan kuɗi. Namu tsohon gidan ma'aikata ne, mai faɗin fili da manyan bishiyun darbejiya, da rufin kwano wanda ya girme ni. A shekarar nan Alhaji bai daɗe da yin ritaya ba, abin hannu ya ja baya. Rufin yana yoyo ta ko'ina. Babu roba ko bokiti ko langa da ba mu tara ba, har na san muryar kowanne: na falo yana cewa tal, na ɗakin baya yana cewa ɗis, idan na ji sautin ya yi kauri na san ya kusa cika. Tsawa kuma ta faɗa wa taransifomar layinmu ana gobe za a ga wata, muka shiga azumi babu wuta. Geron bara ya ƙare a kasuwa, na bana yana gona ko kai bai fitar ba, abin da ya rage kuma tsadarsa sai ka yi salati.

Duk da haka Alhaji ya ce ba za a sauke tukunya ba. Tun zamanin mahaifinsa gidansu yake fitar da kunu da ƙosai duk azumi. Mu a nan, masallacin bakin layi muke kai wa, inda masu gadi da direbobi da masu ban ruwan fulawa suke buɗa baki, mutanen da iyalansu suke can ƙauye. Ya ce ko mu za mu sha ruwan zalla, su sai sun sha kunu.

Ni da Laraba muka ɗauki aikin. Laraba daga Ƙaura Goje take zuwa, sa'ata ce, tun muna amare take taya ni aiki, har ta kai ba ta jin nauyin bakina ni ma ba na jin nata. Da safe za ta shigo da leda a ka, zani a tattare, tana zagin taɓon hanya. Mu surfa gero a rumfar baya, mu wanke, mu jiƙa tsamiya, mu cire wa wake hanci, maigadi ya kai mana niƙa. Itacen duk a jiƙe yake. Tun da safe muke jera shi a gefen murhu ya sha ɗumi, amma idan aka hura sai hayaƙi ya tashi fari fat, mu yi ta hawaye muna fifita. Laraba takan ce ko a gidan makoki ba ta taɓa kuka irin na gidana ba. Mu a ciki kuwa, abin buɗa bakinmu bai wuce abin da bayan gida ya ba mu ba: kwaɗon rama yau, na zogale gobe, miyar tafasa idan an samu dama. Ba mu kwana da yunwa ba, amma nama sai dai mu ji ƙamshinsa daga maƙwabta.

To, duk wannan ba shi ne ya tsaya mini a rai ba a azumin nan. Maganar Na Gama ce.

Shi ne ɗana na fari. A gidan da na tashi ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an san da zamansa. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka na taras. Da aka yaye shi sai yayar Alhaji, wadda kowa yake ce wa Goggo, ta goya shi ta tafi da shi gidanta a Gama. Shi ya sa nake ce masa Na Gama. Shi kuma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. A can ya yi wayo, a can ya yi makaranta, har Allah ya ba shi karatu a Malesiya. Ana saura kaɗan azumin nan Goggo ta rasu, yana can bai samu zuwa ba. Karatun nasa kuma ya zo ƙarshe, saura jarrabawa, sai wani kamfani a can ya yi masa tayin aiki.

A farkon azumi ya bugo wa mahaifinsa waya da hantsi. Falon cike yake da dangin Alhaji da suka biyo ta wajenmu daga gaisuwar Goggo. Alhaji ya buɗe muryar wayar kowa yana ji. Yaron ya faɗi maganar aikin, ya ce shi bai san abin da zai dawo ya tarar ba tunda Goggo ta tafi. Wannan ya ce ya dawo, wancan ya ce ya zauna ya nemi abin kansa, Alhaji ya ce shi namiji ne, ya yi istihara. Sai na ji yaron ya ce, "Yaya fa? Me ta ce?"

Duk ido ya dawo kaina. Ga surukai, ga ƙannen miji. Na ce abin da kowace mace irina za ta ce. Na ce, "Ni mene ne nawa a ciki? Ɗan Goggo ne."

Matan suka yi dariya, suka yaba kawaicina. Amma ni Allah ya yi ni da kunne. Na ji numfashin da ya ja a cikin wayar, na ji yadda ya ce "To" ɗin nan a gajarce. Tun yana yaro, idan na je Gama da sunan gaida Goggo, ta bayan katanga nake gane tarinsa a cikin na yara. Wannan "To" ɗin na mutumin da ya gama yanke shawara ne, kuma ba ta dawowa ba.

A nan ne zauren ya shigo. Kafin azumi Na Gama ya buɗe wa 'yan gidanmu wani shafi a intanet, na wani babban kamfani a ƙasar Turawa. Ya ce sabon abu ne, mutane da yawa za su iya haɗuwa su yi rubutu a wuri guda, kowa ya sa nasa, kowa ya gyara na wani. Nufinsa a tsara ciyarwar azumi a ciki: ƙanwarsa da ke aure a Kaduna ta rubuta abin da za ta aiko, ƙanensa da ke karatu a Zariya ya rubuta ranar da zai zo ya taya aiki. Sunan abin na Turanci ne, bakina bai taɓa iya shi ba. Alhaji ne ya sa masa Zauren Na Gama, ya bi shi.

Babu wanda ya so zauren nan. Ta Kaduna ta shiga sau ɗaya ta ce kanta ya juya, ba ta gane farko ba ta gane ƙarshe. Na Zariya ya ce kafin ya buɗe an yi sallar Idi. Alhaji ya sa tabarau ya leƙa, ya ce shi zauren da babu tabarma babu buta ba da shi ba. Kowa ya koma wayarsa. Autata Zinatu, wadda take jami'a a nan Kano, ita ce mai kwamfutar, ita ma ta ce ko ƙawayenta da suka gwada duk sun watsar. Sai Na Gama kaɗai yake shiga, ya bar 'yan layuka: an yi ruwa a can, sun sha ruwa da shinkafa mai kwakwa, a gaida kowa.

Ni kuma kullum sai na san yadda na yi na tambayi Zinatu ko akwai labarin mutanen nesa. Ranar da ta gaji sai ta zaunar da ni gaban kwamfutar. Ta nuna mini inda ake dannawa, da ɗan abin da ake soka mata a gefe ya jawo intanet, ta ce daga yau in riƙa duba mutanen nesan da kaina. Bokona ba mai yawa ba ne. Ajin yaƙi da jahilci na yi a Tudun Wada bayan aure, ina karanta Hausa a hankali, ina rubutawa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Amma ya ishe ni.

Da yake babu wuta, maigadi ne yake kai kwamfutar gidan likitan da ke kusa da mu da safe, a sa mata caji a janareto, ya dawo da ita a cikin leda. Cajin ba ya jimawa. Lokacin da nake samu shi ne bayan azahar: an gama surfe, ba a fara suya ba, Laraba ta miƙe a tabarma a rumfa, Alhaji yana masallaci wajen tafsiri, Zinatu tana makaranta. Gidan ya yi tsit, sai ɗigar ruwa a robobi. In ja kujera a teburin cin abinci, in kauce wa inda yake yoyo, in buɗe zauren.

Da farko karantawa kawai nake yi. Wata rana sai na ga wurin rubutu a buɗe a ƙarƙashin nasa, wani ɗan siririn layi yana ƙyaftawa kamar yana kirana. Na tuna abin da Zinatu ta koya mini a wayar hannu, cewa saƙo ba ya tafiya sai ka danna masa tafi. Na ce ashe kuwa zan iya faɗin abin da nake so, in goge, babu wanda ya ji. Da yatsa ɗaya na rubuta, ka ci abinci kuwa. Na zauna ina kallonsa. Sannan na danna abin gogewa, haruffan suka koma ɗaya bayan ɗaya. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

Shi ke nan na samu wurin hira. Kullum bayan azahar sai na je zaure. In ba shi labarin yoyo, da yadda mahaifinsa ya hau tsani da kwalta a gwangwani ya sauko ya fi rufin jiƙewa. In gaya masa Laraba ta ƙona ƙosai ta ɗora wa itace laifi. Da azumi ya yi nisa sai hirar ta fara zurfi. Na gaya masa kayan Sallar da Goggo take ba shi duk shekara, ni nake zaɓen yadin, in kai wa tela, in ba ta a ɓoye. Na gaya masa ranar da ƙyanda ta kama shi, da na je na zauna a tsakar gidan Goggo ina taya ta tsinke zogale har yamma, ban shiga ɗakin ba, amma duk numfashinsa a kunnena yake. Na gaya masa muryarsa a waya ta nuna mini ya rame. In rubuta, in karanta, in goge tas, in rufe, in tafi in hura wuta. Sunansa dai ban taɓa rubutawa ba. Ko a ɗakin da babu kowa, hannuna ba ya zuwa wajen.

Abin da na lura da shi, 'yan layukan da yake bari sun ragu, har suka daina zuwa. Na ce shi ma ya gaji da zauren nasa, ko kuma ya fara janye jiki daga gida gaba ɗaya. Wannan ya ƙara mini nauyi, amma ban fasa zuwa ba.

Muna cikin goman ƙarshe ruwa ya ƙara ƙarfi. Katangar bayan gida ta jiƙa ta zube ta danne mana ramar. Geron ya kusa ƙarewa, muka fara sirka kunun da dawa, masu gadi suna sha suna sa albarka kamar ba su gane ba. Lasifikar masallaci ba ta aiki, ga hadari ya rufe yamma, don haka maigadi ne yake tsayawa a bakin ƙofa da 'yar rediyonsa, idan an kira salla ya ƙwala mana kira. Ranar nan muna buɗa baki a falo, fitilar ƙwai a tsakiya, sai Zinatu ta ce af, ta manta ba ta faɗa mana ba, kamfanin nan ya ba da sanarwa zai rufe zauren Na Gama. Wai duniya ba ta karɓe shi ba, mutane sun shiga sun fita, ba za su ci gaba da wahala a kansa ba.

Alhaji ya kurɓi kunu ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ashe Turawan ma sun dawo kan maganata."

Suka yi ta dariya. Ni kuwa na ajiye ƙosan da ke hannuna. Na tambaya, kamar ba da wata manufa ba, yaushe za a rufe. Zinatu ta ce ita ba ta duba ba, ko gobe ko bayan Salla, wa ya damu. Na tashi na ce bari in duba robar ɗakin baya, alhali na ji da kunnena ko rabi ba ta yi ba.

Washegari aikin bai yi mini sauri ba. Laraba ta ce yau surfen nawa kamar na mai jin haushin turmi. Da ta kwanta na shiga, na buɗe zauren, ina tsoron ko sun riga sun rufe. Yana nan. Ruwa yana dukan kwano, ɗakin ya yi duhu sai hasken kwamfutar. Na ce a raina, tunda rushe shi za a yi, bari in faɗi ta ƙarshe ko sau ɗaya, in ya so su kwashe da ita. Na nemi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta sunansa, sunan yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa. A gabansa na sa, ka dawo gida ina son ganinka.

Na daɗe ina kallo. Sannan na kai yatsa kan abin gogewa.

Sai haruffa suka fara fitowa a ƙarƙashin nawa, su kaɗai, babu mai taɓa komai. Da sauri suke fitowa, ina bin su da ido ina haɗawa.

"Yaya, don Allah kada ki goge wannan."

Ban san lokacin da na cire mayafina na lulluɓe kwamfutar ba. Na fita da baya da baya, na ratsa ruwa ba takalmi, na faɗa rumfa na tashi Laraba. Na ce mata abin nan yana magana. Ta ce wane abu. Na ce Na Gama ne a ciki, kuma ya ga abin da na rubuta. Ta tashi zaune tana gyara ɗankwali, ta tambaye ni me na rubuta. Na kau da kai. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, jiƙe sharkaf, sai ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki.

Ta ce, "Hajiya, ke da kika haife shi kike gudu? To da ni ce ya kama sai in shiga rijiya ke nan. Koma, kafin cajin ya mutu ki zo ki dame ni da kuka, ga na hayaƙi ga naki."

Na koma. Na ɗaga mayafin a hankali kamar mai buɗe tukunyar da ke tafasa. Ya rubuta da yawa. Ya ce shi zauren nan haka aka gina shi, duk harafin da mutum ya danna, na ciki yana gani a lokacin, tun kafin a gama, har gogewar ma ana gani. Ya ce azahar ɗinmu ita ce magaribarsu. Ranar farko yana zaune shi kaɗai a ɗakinsa zai buɗa baki, kwamfuta a buɗe, sai ya ga rubutu yana fitowa da sunan Zinatu, a hankali, harafi ya fito a jira ɗan'uwansa. Ya san Zinatu ba ta rubutu haka, kuma ba ta taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba. Tun daga ranar, ya ce, da dabino a hannu yake zama ya jira ni. Ya daina rubuta komai ne don kada in gane yana nan in gudu. Kayan Salla, ƙyanda, tsanin Alhaji, duk ya karanta.

Kunya ta rufe ni har kunnuwana suna zafi. Da yatsan nan nawa ɗaya na rubuta masa, marar kunya.

Ya rubuta dariya, layi guda cur. Sannan ya ce, "Da na gama jarrabawa zan taho. Dama abin da nake jira ke nan."

Sai wani tsoron ya kama ni. Na tuna zauren na gida ne gaba ɗaya, da ta Kaduna da na Zariya da Zinatu duk suna da ƙofar shiga. Na tambaye shi ko su ma sun gani. Ina kallon amsar tana fitowa.

"Babu mai shigowa nan, Yaya. Ni da ke ne kawai. Ai shi ya sa za su rufe."

Ban goge ba. Na bar sunan a inda yake, na rufe kwamfutar, na je na hura wuta. Ranar itacen bai fi na kullum bushewa ba, amma Laraba ta ce yau kam hawayen nawa sun fi hayaƙin yawa, na ce ta yi ta kanta, man ya yi zafi.

Sauran kwanakin azumin a zaure muka ƙarasa su, ni da shi, bayan kowace azahar. Yanzu da na san yana gani sai bakina ya mutu, hirar ta koma ta ruwa da farashin gero. Shi ma bai matsa ba. Wani lokaci sai in ga ya fara rubuta abu ya goge, ni ma in fara in goge, kowa ya ga na kowa, babu wanda ya tanka. An gyara wuta ana jibi Salla. Gero ya kai mu har ranar ƙarshe, da taimakon dawa. Bayan Salla da 'yan watanni kamfanin ya cika alkawarinsa. Wata rana na buɗe na tarar babu zaure, sai wani rubutun Turanci da Zinatu ta ce ban haƙuri ne. Ta yi mamakin yadda na damu da in ji ko duk abin da ke ciki ya tafi. Ta ce ya tafi. Na ce madalla. Ina jin duk duniya ni kaɗai ce na yi wa mutanen nan addu'a sau biyu, ranar da na gane amfanin abinsu da ranar da suka rufe shi.

Ya dawo da kaka, ana shigo da sabon gero. Da ya shigo gidan, falo cike da 'yan taya murna, ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa ina kallon wani wajen, na ce an dawo lafiya, na tashi na shiga kicin. Matan suka ce Hajiya dai ba ta canzawa. Shi kuwa na ji 'yar dariyar da ya yi ƙasa-ƙasa, wadda babu wanda ya ji sai ni.

Yanzu an sauya rufin, shi ya sauya shi. Robobin sun koma aikin wanki. Tukunyar kunu tana nan ba a sauke ba, sai dai a kan gas ake yi, Laraba kuma ta tsufa, zuwa take ta zauna a kujera tana ba da umarni. Yara sun buɗe wani dandalin a waya, na dangi gaba ɗaya, har da surukai da jikoki. Wannan kam kowa yana so. Dare da rana ƙara yake, hotuna, gaisuwar Juma'a, muryoyi. Sun sa ni a ciki, ina saurare, ina gane wanda yake fushi da wanda yake neman rance tun kafin su faɗa. Amma ban taɓa rubuta komai ba. Wurin ya cika jama'a.

Na Gama yana aiki a nan Kano, duk Juma'a yana zuwa da iyalinsa su ci tuwo. Makon jiya, ana irin wannan yayyafin, 'yarsa ta fari, mai sunan Goggo, ta zo ta haye cinyata. Bakinta ya fi na Laraba kaifi. Ta ce ita ta lura ban taɓa kiran sunan babanta ba, ko dai tsufa ya sa na manta. Na ce ta tashi ta ba ni wuri, ƙafata tana ciwo. Ta ce ba za ta tashi ba sai na faɗa.

Uban yana gefe yana cin tuwo, ko kai bai ɗago ba. Ya ce, "Ƙyale ta, ta sani. Ta taɓa rubutawa ma, da hannunta. Kamfani ne ya gudu da shaidata."

Na ce wa yarinyar ta je ta gaya wa Na Gama miyar tana hucewa.